Mai ƙugiya ɗaya ma sai ya yanki takarda?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ba katin ɗaurin aure na kawo ba, kuka ne. Waɗanda suka san ni sun san duk Asabar, da na idar da Asuba, nakan saɓi fatsata da gwangwanin tana in gangara kogin Galma ta wajen Dakace a Zariya. Ba sana'a ba ce. Tun da hawan jini ya kama ni likita ya ce in nemi abin da zai zaunar da ni wuri ɗaya ba surutu, na ga ba abin da ya kai zaman jiran kifi. To jiya ina zaune, 'yan karfasa uku ne a bokiti, ba wadda ta kai tafin hannuna, sai ga samari biyu a kan babur, ɗaya riƙe da wani littafi da ya sha jiki. Wai ina takardata. Na ce takardar me? Wai ta kamun kifi, naira 2,000. Na ce daga wane ofis, kuma ina rasit? Sai mai littafin ya ce, "Baba, rasit ya ƙare, amma za mu rubuta sunanka." Na ce to su rubuta sunan, kuɗin kuma ran da rasit ya zo su same ni a nan. Suka yi ta gunaguni suka tafi.

Ba 2,000 ɗin ce ta ƙona min rai ba. Ƙasa kaɗan da inda nake, wasu yara ne ke jan gidan sauro a ruwa suna kwashe 'ya'yan kifi kamar masu tace gasara, samarin nan suka wuce su ko kallo. Shi ne nake tambaya: mai ƙugiya ɗaya ma sai ya yanki lasisi a ruwan Allah? In haka ne, wa ke karɓa, kuma ina kuɗin ke zuwa?

Alhaji Mai Kano: Wa alaikumus salam. Wato likita ya tura ka neman sauƙin hawan jini ka dawo da ƙari. Ku Zage-zagi ai komai sai kun yi masa takarda, karatu ya yi muku yawa.

Barista: Yallaɓai, ka yi daidai da ka hana. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin hukuma, abu biyu za ka nema: dokar da ta ɗora kuɗin, da rasit mai lamba. Wanda ba shi da su, aljihunsa yake yi wa aiki, ko wace riga ya sa.

Dokar tarayya da ta shafi kamun kifi a koguna da tafkuna ita ce ta 1992, doka mai lamba 108 ta zamanin soja. Lasisin da ta yi magana a kai na jirgin kamun kifi mai inji ne. Amma akwai abubuwan da ta hana kowa da kowa: zuba guba, tayar da nakiya, sa wutar lantarki a ruwa, da kuma amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kusan inci uku, ban da wasu 'yan keɓaɓɓun kayan kama ƙananan kifaye da ta ambata. Ta kuma ba kwamishinan jiha ikon ya rufe wani wuri ko wani lokaci ya ce ba a su. Ka ga ke nan masu gidan sauron nan su ne doka ta ambata ƙarara, su aka wuce aka zo wurinka saboda kai ne mai alamar kuɗi a aljihu. Tarar da ke cikin dokar kuwa ta kuɗin 1992 ce, yau ko kwandon tarwaɗa ba za ta saya ba.

Na Landan: Ni kam ina goyon bayan lasisi, a yi min afuwa Baban Khalifa. Shekara uku na yi a Ingila, maƙwabcina mayen fatsa ne. A can in ka kai shekara 13 ba ka jefa ƙugiya a kogi sai da lasisin sanda. Yara 'yan 13 zuwa 16 kyauta ake ba su amma sai sun yi rajista, babba kuwa ya biya, na yini ɗaya, na kwana takwas ko na shekara. In aka kama ka ba shi, tara tana iya kaiwa fam 2,500. Sannan daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an rufe koguna ga yawancin kifayensu, saboda lokacin ƙwai ne. Kuɗin kuma kan ruwan yake komawa, masu sintiri, zuba 'ya'yan kifi, gyaran hanyar da kifi ke bi. Amurka ma tun 1950 suka sa haraji a kan kayan fatsa ana raba wa jihohi, da sharaɗin jiha ba za ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki ba. Mu me ya hana?

Ɗan Masunta: Yaya Na Landan, Allah ya ƙara buɗi, amma Galma ba Landan ba ce. Maƙwabcinka ya ƙoshi ne ya fita nishaɗi. Mu in ba mu shiga ruwa ba tukunya ba ta hawa murhu. Kakana masunci, Babana masunci, ni ma da ragar kalli aka biya min kuɗin makaranta har na gama sakandare. Kullum aka ce "lasisi" gabanmu faɗuwa yake, don mun san yadda abin ke tafiya: a fara da masu fatsa na nishaɗi, shekara mai zuwa a ce mai birgi, wato ragar jefawa, ta gaba a ce kowane gura, tarkon kifi, sai an buga masa lamba. Mai albashi ya zaro 2,000 bai ji ba, ya zama shi ne mai takarda, mu da aka haifa a bakin ruwan mu zama ɓarayi a cikinsa. Kuma kada a ɗauka ba ma biya. Muna ba Sarkin Ruwa nasa, a kasuwa a karɓa, a hanya a karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Alhaji Mai Kano: Yaron nan ya faɗi gaskiya wallahi.

Na Landan: Ban ce a ɗora wa masunta ba ƙanena. Masu nishaɗi na ce.

Ɗan Masunta: To wa zai bambance? Akwai ɗan acaɓan da ke zuwa da fatsa da yamma don ya samu na miya. Akwai almajiri. Akwai tsohon da ya yi ritaya fansho ba ta zuwa. Duk sanda ɗaya suke riƙe da ita irin ta Baban Khalifa. Da goshi za a gane mai nishaɗi?

Malam na Ƙofar Doka: Bismillah. Tunda an ce "ruwan Allah", bari a ajiye maganar a mazauninta. Allah Ya halatta mana abin da ke cikin ruwa, ayar tana cikin Ma'ida. Hadisi kuma ya zo cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Saboda haka ba wanda zai mallake kogi ya ce nasa ne ya riƙa sayar da shiga. Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen, tarayya ba ta nufin wawaso. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya killace makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya killace Rabaza, don maslahar jama'a. Malamai suna kiran wannan hima. Shugaba yana da ikon ya ce nan ba a taɓawa, ko ba a taɓawa sai lokaci kaza, matuƙar amfanin jama'a ya nufa ba na kansa ba. Abin da ya kamata a lura, Sayyidina Umar da ya sa mai gadi a himar, umarnin da ya ba shi shi ne ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare dabbobin manyan attajirai, domin attajiri in dabbarsa ta mutu yana da gonar dabino, talaka kuwa ba shi da komai. To a auna takardar da ake magana da wannan ma'auni.

Barista: Allah ya gafarta Malam, wannan ai ya fi dokar tamu tsari.

Dokta Samaru: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina ganin mun kama reshe mun bar tushe. Takarda ba ta haifar da kifi. A Kanada, gaɓar Niyufanlan, jiragen da suka ƙarar da kifin kod duk da lasisinsu, da ma'aikata, da masana masu lissafi. A 1992 dole gwamnati ta rufe kamun baki ɗaya, mutane wajen dubu talatin suka rasa sana'a a dare ɗaya. Lasisi amfaninsa biyu ne kawai: a san mutum nawa ke kan ruwa, a kuma samu kuɗin tsaro. In ba a yi ɗayan biyun da shi ba, haraji ne kawai aka canza wa suna.

Abin da ke raya ruwa shi ne a bar kifi ya yi ƙwai ko sau ɗaya kafin a kama shi. Ku duba tarwaɗa. Da ruwan sama ya kankama, kogi ya cika ya malala cikin ciyawar fadama, da dare take hawa can ta zuba ƙwai. A lokacin ne ta fi sauƙin kamu, har da sanda ana bugunta a ruwa iya idon sawu. Uwa ɗaya babba tana ɗauke da ƙwai dubbai masu yawa, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon ƙwanta. Karfasa kuma, irin wadda muka fi ci, uwar a baki take riƙe ƙwai da 'ya'ya har su yi wayo. Ka kama ta a wannan hali, ba kifi ɗaya ka kama ba. Kifin bargi gida yake yi a cikin ciyawa ya tsare 'ya'yansa. Yawancin wannan a 'yan watannin damina ne. Wanda ya rufe waɗannan watanni ya hana ƙaramin ido, ya yi aikin da lasisi dubu ba zai yi ba.

Sannan mu daina ɗora wa masunta komai. Dam ɗin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello tun 1975 yake, yashi da laka sai cike shi suke saboda noma da gini har bakin ruwa. Kubanni kanta ta ratso gari ta kwashi bola da ruwan kwata ta kai Galma. Masu lambu a gefen kogi suna feshi su wanke tankin a cikin ruwan. Ko a hana kowa kamun kifi shekara biyar, in gidan kifin ya cike da laka, ina zai zauna?

Baban Khalifa: Dokta, wannan karatun ai sai a biya kuɗin makaranta. Amma ni dai ka wanke ni: ƙugiya ɗaya ce.

Dokta Samaru: Ƙugiya ɗaya sau mutum nawa, Yallaɓai? Je ka bakin dam ɗin Shika ko na Zariya ranar Lahadi ka ƙirga. Kuma mai fatsa babba yake hari, babbar nan kuwa ita ce uwar. Ban ce kai ne matsalar ba, amma ba zan ba ka takardar wankewa ba.

Maman Ummi: Sallama gare ku. Tun ɗazu maza ke ta magana, ba wanda ya tambayi mu da muke zaune gaban kasko. Shekara goma sha ina suyar kifi a Sabon Gari. Da can masunta kan kawo min ragon ruwa da sai na sa hannu biyu, da ƙurungu cike da daro, wani lokaci har giwan ruwa. Yanzu rabin abin da nake soyawa na kankara ne daga kwali, sauran kuma tarwaɗar kiwo. Na kogi in ya zo, 'yan mitsi-mitsi ne kamar yatsa. Kuma zan faɗi gaskiya ko ba daɗi: muna saye. Ni ma ina saye. Domin matar da ta zo da naira 200 ba za ta iya yankan babba ba, 'yan ƙananan nan na gidan sauro su ne naman miyarta. Kun ce a hana, na yarda a hana, amma ku san wa za ku cire wa loma.

Abin da ba na saye ko a kyauta shi ne na guba. Ana gane shi, jikinsa ya saki, cikinsa ya kumbura, kafin azahar ya fara wari. Akwai shekarar da wani ya kawo min cike da buhu da araha, manya da ƙanana har da kwaɗi a ciki. Na ce ɗauke min, ba da ni za a kashe 'ya'yan mutane ba. In akwai kuɗin da za a karɓa a kama irin waɗannan, ni ma zan ba da nawa.

Ɗan Masunta: Hajiya, masu zuba magani ba masunta ba ne, wallahi ba 'ya'yan gidan sana'a ba ne. Wanda ya gāda ya san gobe ma zai dawo. Da can magimfa, tsiro mai bugar da kifi, ake dakawa a zuba a ɗan kududdufin da zai ƙafe, kifi ya bugu a tsince. Yanzu maganin feshi suke juyewa a kogi mai gudu, ya kashe har na ƙasan laka, shanu su sha, mata su ɗiba. Sati uku wurin ba motsi.

Bakabe: Ku ba ɗan Argungu hanya, an zo fagenmu. Duk wannan abu da kuke ta jayayya, mu mun gama shi tun kafin a haifi Barista. Kogin Matan Fada rufe yake, ba mai jefa koma a wurin sai Sarkin Ruwa ya buɗe. Bikin da kuke gani a talabijin ya samo asali ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu Argungu. Ranar su, dubban mutane ke afkawa da koma da gora kawai, ba taru, ba inji, cikin kamar awa guda an tashi. A 2020, da aka dawo da bikin bayan ya yi shekara goma ba a yi ba, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Kun ji? Kilo 78. Ba takarda ce ta ƙosar da shi ba, bari aka yi ya girma. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta sa bikin cikin gadon duniya a 2016. Wa ke tsare ruwan? Mutanen gari, don kowa ya san idon kowa, kuma ba mai son a ce ɗan gidan wane ne ya saci ruwan sarki.

Alhaji Mai Kano: Kilo 78 ai ya fi Dokta nauyi.

Dokta Samaru: Ya fi ni da buhun siminti rabi, Alhaji. Amma Bakabe, kada mu ruɗi kanmu. Matan Fada ɗan yanki ne, kuma bayansa akwai sarauta da biki da baƙi masu kawo kuɗi. Galma ta ratso ƙananan hukumomi da dama kafin ta faɗa kogin Kaduna. In Dakace ta rufe, na sama da na ƙasa ba su rufe ba, wa ya yi asara? Misalin da ya fi kusa da mu shi ne tafkin Kainji. An gama dam ɗin a 1968, kifi ya yi yawa da farko, daga baya ya ja baya. A shekarun 1990 aka yi wani shiri na haɗin gwiwa da Jamus, aka ƙirga masunta da jirage, aka shigo da lasisi, aka hana jan dala, wato doguwar ragar da ake ja zuwa gaɓa, saboda tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye. Abin lura, ba su iya yin komai ba sai da suka bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa. Ga kuma cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa kusa da su. Wato takarda da rawani tare suka tafi.

Na Landan: To ai maganata ke nan. Sannan a koya wa masu fatsa kamawa da saki. A can maƙwabcina in ya kama, ya auna, ya ɗauki hoto, ya mayar.

Maman Ummi: Ya mayar? Ya kama kifi ya mayar ruwa? Allah ya ba shi lafiya.

Malam na Ƙofar Doka: A nan sai an yi hattara. Sakin ƙarami don ya girma, ko uwa mai ƙwai, wannan gyara ne, ana fatan lada. Amma mutum ya fita da niyyar ya huda bakin dabba don hoto kawai, ba ci ba sayarwa, zuciyata ba ta natsu da shi ba. An yi gargaɗi a kan kashe ko da tsuntsu ƙarami don wasa, an kuma hana mayar da mai rai abin gwajin harbi. Ka kama abin da za ka ci, in ya isa ka naɗe zarenka.

Na Landan: Allah ya gafarta Malam, ai ba kashewa ake ba.

Dokta Samaru: Wasu suna mutuwa bayan an sake su, musamman in sun haɗiye ƙugiyar ko an daɗe da su a sarari ana hoto. In za ka saki, jiƙa hannunka, ka danne ƙayar ƙugiyar da filaya tun a gida don ta fita da sauƙi. Tarwaɗa dai tana da rai tara, tana shaƙar iska, karfasa ce ba ta jure wahala.

Shugaban zaure: Jama'a, saƙo ya haura ɗari tun safe. Masu turo hotunan kifin da suka kama a 2019, mun gani, Allah ya ƙara. A tsaya kan magana.

Ɗan Masunta: Na karanta wa Baba duk abin da aka rubuta, ya ce in rubuta nasa kamar yadda ya faɗa, kada in gyara. Ga shi:

"Ka gaishe su. Ka ce wa mai fatsa ya yi haƙuri, waɗanda suka tare shi ba mu san su ba, ba kuma Sarkin Ruwa ya aiko su ba. Ka ce wa malamin jami'a abin da ya faɗa na ƙwai haka yake, amma ba a littafi muka gani ba. Muna yara, in ruwa ya yi ja ya hau ciyawa, akwai guraben da ba a shiga. Sarkin Ruwa zai kafa sanda ya ɗaura mata ganye, shi ke nan an rufe. Wanda aka gani a wurin a karɓe komarsa, kuma ranar buɗewa ba shi ba shiga, yana tsaye a gaɓa yana kallo ana fita da kifi. Wannan kunyar ta fi tara ciwo. Idon raga da yatsa muke aunawa, in yatsun babba uku ba su shige ba, ba a sa ta a ruwa. Abin da ya kashe wannan ba yunwa ba ce kaɗai. An wayi gari ne in Sarkin Ruwa ya karɓe ragar yaro, sai uban ya kai ƙara a ce wa ya ba shi iko. Sau ɗaya, sau biyu, sai ya naɗe hannu. Yanzu sarautar ta zama ta zuwa gaisuwar Sallah. In za su yi takarda su yi, amma su rubuta a ciki cewa sandar nan in an kafa ta, hukuma na bayanta. In ba haka ba su bar mu da talaucinmu, kada su ƙara mana da masu littafi."

Barista: A gaishe da Baba, a ce na rusuna. Abin da ya nema yana da ƙofa a doka, tunda kwamishina na da ikon rufe wuri da lokaci. Abin da ya rage shi ne a rubuta rufewar, a kuma ambaci sarakunan ruwa a matsayin masu sa ido, yadda in sun kama raga ba za a ce sun yi fashi ba. Wannan takardar koke ce shafi biyu, zan iya rubutawa ba ko sisi. Sai dai a bi ta hannun hakimi, kada a tsallake fada.

Baban Khalifa: Jikina ya yi sanyi da maganar Baba. Tunda abin ya zama na faɗin gaskiya, bari in fasa ƙwai. Bara cikin Agusta na kama wata tarwaɗa da ban taɓa kama irinta ba, har na turo hotonta nan zauren kuka yi ta yabo. Da uwargida ta fede ta, ƙwai ne cike, kore shar, ya kusa cika kwanon sha. Muka soya muka cinye, har ina cewa ya fi naman daɗi. Yau da Dokta ke bayani sai na ji kamar da ni yake. Don haka na janye "ƙugiya ɗaya ce". Amma ban janye maganar rasit ba. Zan biya 2,000, zan biya 5,000 ma a shekara, in na san hannun da ta shiga kuma na ga mai gadi a bakin ruwa cikin Yuli.

Alhaji Mai Kano: Hoton yana nan a wayata, in za a kai kotu ni ne shaida.

Na Landan: To kun ga an dawo kan lasisin dai.

Ɗan Masunta: Ba a dawo ba Yaya. Naka daga sama yake saukowa, kuɗin ya tafi asusu mu yi ta jira. Wanda Baba ke nufi, a nan za a tara, a nan za a kashe, kowa na gani. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min: wata biyu ko uku da za a rufe, me za mu ci? Masu gona a cikinmu da sauƙi, damina ce. Amma akwai gidajen da ko taƙi ɗaya ba su da shi.

Dokta Samaru: Ba dukan kogin za a rufe ba, guraben ƙwai ne da bakin fadamu. Tsakiyar ruwa da mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, da kalli mai babban ido a ci gaba. Kuma masu gadin nan da ake magana, wa ya fi dacewa da su in ba waɗannan gidajen ba? Kuɗin masu nishaɗi ya zama ladan gadinsu. Zai isa? Ba zai isa ba a shekarar farko, kada in yi maka ƙarya.

Maman Ummi: Ni kuma matar naira 200 fa? Kun tsallake ta.

Dokta Samaru: Ban tsallake ba Hajiya, ba ni da amsar da za ta ƙosar da ita bana. Kawara da sauran ƙananan da ba sa girma, ana iya ware musu lokaci da rani. Amma 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa da ake sayar mata a gwangwani, su ne daron da kike cewa kin daina gani.

Maman Ummi: Na ji. Ba daɗi, amma na ji. In za ku je wurin Sarkin Ruwa ku faɗa min, mu ma masu kasko muna da bakin magana. In mu goma muka ce ba ma sayen na gidan sauro, yaran nan da kansu za su mayar da shi kan gado.

Malam na Ƙofar Doka: Ni kuma zan taɓo maganar guba a karatun Juma'a in Allah ya kai mu. Amma kuɗin nan kada ya zauna hannun mutum ɗaya, ko da Sarkin Ruwa ne. A sa uku, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.

Ɗan Masunta: Baba ya ce Asabar bayan La'asar Sarkin Ruwa na gida. Ya ce a zo da goro, kada a zo da littafi a ranar farko. Ya ce kuma Baban Khalifa ya taho da fatsar tasa yana so ya ga girman ƙugiyar, don karfasar da ba ta kai tafin hannu ba, ƙugiyar yara ce ke kama ta.

Baban Khalifa: Lamba 12 ce. Zan taho da ita, da goron. Barista, kai za ka ɗauke ni a Kwangila ko in biyo maka?

Barista: Biyo min, motata na wurin bakanike.